Tsumman Kafaɗar Eruera

A duk faɗin Kawerau babu wanda zai ce ya taɓa ganin Eruera ba tare da tsumman goge kwanuka a kafaɗarsa ta hagu ba. Ko a hoton aurensa, in ka ƙura ido, za ka ga bakin tsumman ya leƙo ta ƙarƙashin kwat ɗin aron da aka cusa shi a ciki. Eru muke ce masa, kuma da shi muke kafa misali in ana zancen mutumin kirki. Mu ɗin haka muke. Wanda ya fi kowa wanke mana tukunya shi ne mutumin kirki a wajenmu, ba ma tambayar wa ya bari zaune a gida.

Shi ne ɗa na biyu a wajen ubansa. Uban mai baki ne, cikin dattawan nan da ke zama a bencin gaba a marae, filin taron danginmu, su miƙe da sanda su tarbi baƙi da jawabi. Bakin nan babban ɗansa ya bar wa. Eru kuwa tun bai fi tsayin tebur ba aka miƙa masa wuƙa da buhun dankali, aka nuna masa hanyar baya. A can ya tashi, cikin masu girki, kuma bai taɓa jin an rage shi da komai ba. Ya iya haƙa ramin hangi, girkinmu na cikin ƙasa, ya san dutsen da zai riƙe zafi da wanda zai fashe ya cire wa mutum ido, ya san lokacin da za a jera kwandunan nama da kabewa da dankali a rufe da jiƙaƙƙen buhu da ƙasa. Daga nesa in ya hango hayaƙi zai gaya maka ko biki ake yi ko makoki, da kuma ko mai wutar ya san abin da yake yi. Tsofaffinmu sukan ce in baya ta gyaru gaba ta gyaru, shi kuma ya ɗauki maganar kamar don shi kaɗai aka faɗe ta.

Aikin da ake biyansa daban ne. Ya fi shekara talatin yana jan motar gungume daga daji zuwa masana'antar takarda, amma wannan neman abin sawa a baki ne kawai. Aikinsa na gaske daga Juma'a yake farawa, cikin fararen takalman robar nan masu tsawo, a kicin ɗin duk wanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa tsakanin bakin teku da duwatsu.

Matarsa Ripeka 'yar kudancin tafkin Taupo ce, gajeriyar mace mai ƙarancin magana, wadda in ta yi shiru ya fi kyau ka binciki kanka. Ranar aurensu ya yi mata alkawari guda. Akwai wani rafin ruwan ɗumi a gindin duwatsu masu aman wuta, inda kakarta ke yi mata wanka tana yarinya, ya ce zai kai ta can su jiƙa jikinsu su biyu, babu dangi babu tukunya. Washegari da safe wani kawunsa ya rasu. Aka ɗaga tafiyar zuwa bayan makoki, daga nan zuwa bayan haihuwa, daga nan zuwa lokacin da yara za su shiga makaranta. Alkawarin ya girmi 'yarsu Hinewai, wadda yanzu take zaune a Brisbane, can ƙetaren teku, da mijinta da 'ya'ya uku. Duk tsawon shekarun nan Ripeka ce ke wanke masa tsumman, a bokitinsa daban, domin a wajenmu ƙyallen abinci ba ya haɗuwa da na jiki, ko a wanki ko a shanya.

Bayan ya ajiye aikin mota kowa ya ɗauka yanzu zai zauna. Sai ya zama har ranar Talata ana samunsa.

Wata safiya suna shan shayi Ripeka ta ajiye kofinta ta ce, "Hinewai ta gama gyara ɗakin nan na baya."

"Madalla. Yara sun samu wurin wasa."

"Ba na yara ba ne. Nawa ne. Gado ɗaya ne a ciki."

Eru ya tsaya da goge teburin da yake yi. "Hutu za ki je?"

"Zama zan je. Na gaji da auren hoto, Eru. Takalminka ya fi ni sanin inda kake." Ta ɗauki kofin ta kurɓa. "Hinewai ta kama mana hayar motar nan mai gado da murhu a ciki. Ta ce in gwada ka sau ɗaya kafin in haɗa kaya. Ka kai ni rafin kakata ka shiga ruwan nan tare da ni, ko kuma ka kai ni filin jirgi. Duk wanda ya fi maka sauƙi."

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da birki ya ƙwace masa a gangare da cikakken lodi. Ya san matarsa. Ba ta barazana, sanarwa take yi. Ya rantse da kabarin ubansa cewa wannan karon ko wuta ce ta kama marae sai dai wani ya kashe.

Da ya tashi haɗa kayan hutu, ya saka wuƙaƙensa, da dutsen wasa wuƙa, da shebur, da kwandunan waya biyu, da buhunan da ake rufe rami da su. Ripeka ta tsaya tana kallonsa. Ya ce mata ai mutum bai san abin da zai tarar a hanya ba. Tawul da gajeren wandon wanka ba su ko faɗo masa a rai ba.

Ranar farko sun isa Rotorua da hantsi, warin farar wuta ya tarbe su tun daga bakin gari. Hinewai ta shirya musu hawa keken nan da ke rataye a waya, ya ɗauki mutum zuwa kan tudu ya ga tafki da tururin da ke fita daga ƙasa ko'ina. Saura kaɗan su isa wurin sai Eru ya rage gudu, ya buɗe gilashi, ya shaƙi iska.

"Wannan ba tururi ba ne," ya ce. "Hayaƙin itace ne. Kuma ɗanye suka sa."

"Eru."

"Gidan Tamihana ne. Na manta yau ake aurar da 'yarsa. In muka wuce aka ga motar me za a ce? Gaisawa kawai za mu yi, ba zan ko zauna ba."

Gaskiya ya faɗa, bai zauna ba. Tamihana ɗan baffansa ne, mutum mai tumbi da surutu, yana ganinsa ya buɗe hannuwa. "Allah ya kawo ka, ɗan'uwa. Zo ka ga abin da sakarkarun surukaina suka yi mini da wuta. Peka, ara mana shi na ɗan lokaci, yanzun nan za mu dawo miki da shi."

"Ku riƙe," in ji Ripeka. "Ai naku ne, ni ajiya aka ba ni."

Kowa ya yi dariya, domin mu ba ma gane magana sai an haɗa mana da mari. Ita kaɗai ta je ta hau keken. Da yamma ta nuna masa hoton da wani baƙo ya ɗauke ta, tana zaune a gefe ɗaya, ɗaya gefen babu kowa, tafki a bayanta. Eru ya kalli hoton ya ce ai ta yi kyau. Yana warin hayaƙi, kuma a ransa yana jin daɗin yadda naman ya fito.

Rana ta biyu ya yi ƙoƙari, kada a ci haƙƙinsa. Kusa da Taupo suka bi wata hanyar katako da ke ratsa ramuka masu huci da taɓo mai tafasa. Baƙi daga ƙasashe suna tafe da takalman hawan dutse da sanduna, shi yana tafe da fararen takalmansa suna ƙara, hannunsa cikin na matarsa. Ya daure har tsakiyar hanya. Da suka tsaya a bakin wani rami mai fesa tururi sai abin ya fi ƙarfinsa.

"Dubi asara, Peka. Wutar da ba a saya ba, dare da rana. Rago uku za su dahu a nan kafin a gama addu'a."

"Kalla kawai aka ce ka yi."

"Ina kallo. Kallon ne ke mini ciwo."

Ta ɗan murmusa, shi kuma ya ɗauka ya ci jarrabawa. Da la'asar suka yada zango a filin da matafiya ke ajiye motoci a bakin tafki. Ripeka ta fito da kujeru biyu, ta haɗa shayi kofi biyu, ta ce ya zauna su kalli ruwa. Ya zauna. Can gefe wasu Turawa matafiya sun kamo kifi suna neman hallaka shi a kan murhun gashi, wuta ta yi yawa, fata tana ƙonewa ciki ɗanye. Eru ya juya musu baya. Ƙaurin ya zagayo ya same shi. Ya ce bari ya je ya gaya musu kalma ɗaya.

Kafin rana ta faɗi ya ciyar da zangon gaba ɗaya. Mutanen da ba su san sunan juna ba suka jeru da faranti, wani ya kawo tsiran Turawa, wata ta kawo kabeji, ana ta ɗaukarsa hoto da tsumma a kafaɗa. Da ya dawo da farantin da ya keɓe mata, ya tarar da kofinsa a kan kujera, shayin ya yi sanyi har ya yi fata.

"Waɗannan ma danginka ne?" ta tambaye shi.

"Kifin ne ya ba ni tausayi."

"Kifi ya yi sa'a." Ta miƙa hannu. "Ba ni makullin. Gobe ni zan ja. Kuma gobe ce ta ƙarshe, Eru, ba zan sake faɗa ba."

Da safe suka bi gefen tafki suka nufi kudu. Duwatsun suka taso a gabansu, Tongariro yana fitar da ɗan tururinsa ta gefe, Ruapehu a baya da ƙanƙara a ka. Eru ya rufe gilashi don kada hancinsa ya ja masa. Har ya rufe ido. Saboda haka ba shi ya ga tutar ba, ita ta gani, tana kaɗawa a ƙofar maraen dangin mahaifiyarsa, motoci sun cika bakin hanya. Tuta a sama a ranar da ba taro, kowa ya san gawa ce a kwance.

Ripeka ta yi ajiyar zuciya ta kunna sigina. Duk fushinta ba za ta wuce makoki ba, ita ma tamu ce. Wani tsoho ne ya rasu, ɗan'uwan mahaifiyar Eru, wanda ya haura casa'in, irin mutuwar da ake kuka da safe a yi dariya da rana. Mata suka yi musu kiran shigowa, suka je gaban mamaci suka zubar da hawayensu, ƙanen mamacin ya tarbe su da wata murya da ta kusa ƙarewa, aka haɗa hanci aka gaisa irin gaisuwarmu, aka kai su shan shayi. In baƙo ya sha shayin nan ya zama ɗan gida, kuma ya sauke nauyinsa, yana iya tafiya babu mai zarginsa.

"Mun yi abin da ya kamata," in ji Ripeka a bakin ƙofar ɗakin cin abinci. "Zan jira ka a mota. In inuwar tutar can ta taɓa shinge, na tafi."

"Faranti kawai zan miƙa musu baya."

Ya shiga kicin da farantai biyu, ƙirjinsa a buɗe, yana jiran a ce Allah ya kawo ka. Babu wanda ya ce. Kicin ɗin tsaf yake. Dankali an fere, kabewa an yanka, a bayan gida kuma babu rami babu hayaƙi, sai wasu manyan tukwanen ƙarfe masu aiki da gas suna huci a jere. Mai kula da wurin Makere ce, 'yar wata 'yar'uwarsa, mace mai shekara arba'in da wani abu da murya kamar ta kwandasta. A gabansa ta koyi riƙe wuƙa.

"Wannan kuma mene ne?" ya ce, yana nuna tukwanen. "Hangi a cikin gwangwani? Ina ƙasa, ina dutse?"

Makere ta yago nama ta cusa masa a baki. Ya tauna yana neman aibu. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne naman ya yi daɗi.

"To ba ni wuƙa in rage muku wani abu."

"Babu abin ragewa, Koro."

Ya waiga ya ga ko wani tsoho ne ya shigo a bayansa. Da can Kawu take ce masa. Koro sai kakanni.

"Wurinka ba nan ba ne yanzu," ta ci gaba. "Muryar tsohon can ta mutu, wanda zai karɓe shi yana hanya daga Wellington, ga motar baƙi ta tsaya a ƙofa. Bencin gaba babu kowa. Furfura muke nema, kai kuma kana da ita har ta yi yawa."

"Ni? Ban taɓa buɗe baki a gaba ba. Wana ne mai magana."

"Wanka yana kabari shekara nawa? Dubi kicin ɗin nan da kyau, Koro, ka nuna mini sa'anka guda ɗaya."

Ya duba. Babu. Waɗanda suka yi ta ɗaga kwanduna tare da shi duk sun koma gaba ko sun koma ƙasa, shi kaɗai ne bai lura ba. Makere ta zare tsumman daga kafaɗarsa, tunda ba a kai ƙyallen abinci gaban gawa, ta rataye a ƙusa. Aka yafa masa baƙar kwat, aka danƙa masa sanda, aka tura shi waje da fararen takalmansa.

Ya zauna a bencin nan kafaɗarsa tana jin sanyi. Baƙi suka shigo a hankali, mata a gaba suna kuka. Da lokaci ya yi ya miƙe, yana laluben kalmomin ubansa da ya sha ji ta tagar kicin. Ya buɗe baki ke nan sai idonsa ya sauka a kan shinge. Inuwar tutar ta taɓa shi har ta haura. A bayan shingen ya ga farar motar ta fito daga cikin sauran, ta kunna sigina kamar yadda mai ita ta saba, ta hau titi ba tare da gaggawa ba.

Duk abin da ya tattaro ya zube. Ya tsaya da sanda a hannu, jama'a suna jira.

"Tsoho, ka yi aikinka, tafi ka huta," ya ce wa mamacin. Ya juya ga baƙin. "Ku kuma kun zo da kukanku daga nesa, mun gani, mun gode. Ku shigo. Nama ya nuna, kabewa ce ta rage kaɗan."

Ya zauna. Matan da ke bayansa, waɗanda al'ada ta ce su rufe jawabi da waƙa, ko gyaran murya ba su gama ba, sai da suka ruga suka kamo ta daga tsakiya. Har yau ana ba da labarin jawabin nan a kudancin tafki, kuma akwai masu cewa ba a taɓa yin wanda ya fi shi ba, musamman waɗanda suka zo da yunwa.

Baƙin ba su gama nasu jawabin ba mutumin Wellington ya iso da taye da jakar hannu, ya zauna a bencin kamar an haife shi a kai. Eru ya miƙa masa sandar. Ya tsaya a tsakar filin ya dubi gaba, an samu mai yi. Ya dubi baya, an samu mai yi. Shekara da shekaru yana gaya wa kansa cewa in bai je ba abu zai lalace, ga shi ana makoki lafiya lau ba tare da shi ba. Wuri ɗaya ne a duniya da babu wanda zai iya zama a madadinsa, shi ne kuma wurin da ya yi ta bari babu kowa. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki, har ya rasa wanda ya fi.

Ya cire kwat ɗin ya bi ta kicin ya fita. Bai san lokacin da hannunsa ya zare tsumman daga ƙusa ba. Sabo turken wawa.

A ƙafa ya tafi. Ya san kwatancen rafin, domin ta sha yi masa shi a shekarun da take da sauran sa rai. Ya bi titi rana tana dukansa, masu kekuna sanye da hulunan kwano suna wuce shi suna ɗaga masa hannu, takalman roba suna cin dugadugansa. Ya saki titi ya bi wata hanyar tsakuwa, ya ga motar a ajiye a ƙarshenta, ya ji kamar ya rungume ta. Daga nan siririyar hanya ce cikin ƙananan itatuwa, ƙasa tana ɗumi a ƙarƙashin ƙafa, har ya fara jin ƙarar ruwa.

Tana ciki har wuya, ta jingina da dutse, furfurarta a ɗaure a sama, tururi yana tashi kewaye da ita. Ba ta buɗe ido ba. Ƙarar takalmin ta ishe ta.

"Kin tafi kin bar ni," ya ce.

"A wajen gwani na koya."

Ya tsaya a bakin ruwan yana haki. Ta buɗe ido ɗaya ta dube shi daga ƙasa har sama, idon ya tsaya a kafaɗarsa.

"Da wannan za ka shigo ruwan da kakata ta yi wanka?"

Sai lokacin ya ga tsumman. Ya ja da baya da sauri kamar wanda ya taka wuta.

"Ina tawul ɗinka?"

"Ban zo da shi ba."

"Wandon wanka fa?"

"Na zo da shebur."

Ripeka ta rufe idon. Kafaɗunta suka ɗan motsa, bai sani ba ko dariya ce ko kuka. Ya koma can nesa da ruwan, ya sami wani reshe ya rataye tsumman, ya gyara masa zama. Ya cire takalma, ya cire riga da wando, ya ajiye wayarsa a kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ya taho da ɗan kamfai da tumbi da ƙafafun da ba su ga rana ba tun yana saurayi, ya zura ɗaya a ruwa.

"Wannan ko ƙwai ba zai dafa ba."

"Ba dafa ka zan yi ba. Zauna."

Ya zauna. Ɗumin ya kama bayansa da gwiwoyinsa, ya shiga wuraren da bai san suna ciwo ba sai da suka daina. Hannuwansa ne suka rasa abin yi. Suka nutse ƙasa suka lalubo wani dutse mai santsi, ya ɗago shi yana auna nauyinsa, yana tunanin ko zai riƙe zafi. Ripeka ta buge hannun, dutsen ya koma, ta riƙe hannun ba ta saki ba.

Sun jima a haka kafin ya ce, "An kore ni daga kicin, Peka. Makere ta ce mini Koro."

"Ai Koro ne kai. Jikokinka uku, ɗaya ma bai san muryarka ba."

"Kuma naman ya yi daɗi. A cikin gwangwani."

Muryarsa ta karye a kan gwangwanin. Ya ce tururi ne ya shiga masa ido, ita kuma ta bar shi a kan haka.

"Ɗakin nan na Hinewai," ya ce bayan wani lokaci. "Har yanzu gado ɗaya ne?"

"Ban yanke ba. Yi shiru, ina dubawa."

A daidai nan wayarsa ta fara ƙara a kan wandon. Duk jikinsa ya miƙe. Wayar Eru ba ta ƙara don gaisuwa, wani ne ya mutu ko wani zai yi aure. Ripeka ta saki hannunsa, ta mayar da nata kan cinyarta, ta zuba wa ruwa ido. Wayar ta yi ta yi har ta gaji. Ta sake farawa. Eru ya lumshe ido, ya nutsa har ruwa ya rufe kunnuwansa, ya laluba a ƙasa ya nemo hannunta da kansa. Da ya ɗago wayar ta yi shiru. Ba a jima ba kansa ya kwanta a kan dutsen, ya fara minshari, bakinsa a buɗe, a gaban duwatsu masu daraja. Ripeka ta tallafe masa haɓa don kada ya sha ruwa.

Da rana ta karkata suka fito. Ta goge jikinta ta miƙa masa tawul ɗinta a jiƙe, ya goge da shi haka nan. Ya sa kaya, ya sa takalma, ya bi hanyar mota. Da ya zo daidai reshen ya kawar da kai ya wuce, yana tafe a miƙe kamar soja, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan fi ɗaya tsawo.

Ripeka ta tsaya. Ta koma ta ciro tsumman da hannun da bai taɓa tawul ba, ta riƙe shi nesa da jikinta har mota, ta ninke ta saka a akwatin kofuna.

"Na bar shi ne da gangan," in ji Eru.

"Na gani. Ban ce ka jefar ba. Ajiyewa na ce ka koya."

"To Brisbane fa?"

"Da Kirsimeti za mu je, mu biyu, mu dawo. In ka taɓa murhun surukinka, a can zan baro ka."

Ta tayar da mota. Shi kuma ya zauna a gefe, hannuwansa biyu a kan cinya, sun yi yaushi saboda daɗewa a ruwa, babu komai a cikinsu.